Maraici, Kuntigi da Na'ura: Nazari a kan Tarihin Ɗaukar Waƙoƙin Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos da Abubuwan da Suka Haife Su

1.0 Muƙaddima

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta dubi waƙoƙin marigayi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos (1946–2015) ta wata fuska wadda, a ganina, ba a cika ba ta haƙƙinta ba, wato fuskar na'urorin da suka ɗauki muryarsa suka kai ta kunnen jama'a, tun daga rediyo da faifan garmaho har zuwa kaset da wayar hannu, sa'an nan ta gwama wannan tarihi da al'amuran rayuwarsa waɗanda suka zama mafarin abin da ya waƙe.

Da'awar da za a nemi kafa wa hujja ita ce, zaman kansa da Ɗanmaraya ya yi, ba shi da ubangida guda tsayayye, ba 'yan amshi, ba makaɗa a bayansa, abu ne da maraici ya fara ɗora masa, kuntigi ya sawwaƙa masa, amma na'urar ɗaukar murya ce ta mai da shi sana'ar da mutum zai tsaya a kanta kusan shekara hamsin. Abin da ake nufi da mawaƙi mai zaman kansa a nan shi ne wanda shi ke tsara waƙarsa, shi ke kaɗa mata, shi ke rera ta, kuma ba wata fada ko ƙungiyar sana'a da ke da ikon zaɓa masa abin da zai faɗa.

2.0 Waiwaye a kan ayyukan magabata

M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1957 a mujallar Africa, ya ɗauki roƙo a matsayin wata kafa ta tabbatar da muƙami da daraja a cikin al'ummar Hausawa, ta yadda maroƙi ke shelanta wane ne sama, wane ne ƙasa. Wannan ra'ayi ya yi tasiri ƙwarai a kan waɗanda suka biyo baya, kuma ya dace da makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, sai dai in aka auna shi da mutumin da ya yi suna da yabon yaron mota, sai a ga rigar ta yi masa kaɗan. David Ames da Anthony King, a 1971, sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da muhallin da ake amfani da kowanne, har da kuntigi. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana a 1975 a kan Mamman Shata, ya buɗe ƙofar nazarin mawaƙi guda da rayuwarsa. Sa'idu Muhammad Gusau, tun daga Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya ba mu kalmomin fannu da muke aiki da su yau, irin su turke da gindin waƙa da ɗan waƙa, ya kuma bambanta rerawar ƙungiya da ta kaɗaita. Graham Furniss ya taɓo Ɗanmaraya a littafinsa na 1996 a kan adabin Hausa, Habibu Ahmad Daba kuwa ya keɓe masa littafi sukutum.

Dukkan waɗannan ayyuka abin dogaro ne, kuma ba don su ba da wannan takarda ba ta sami inda za ta dafa ba. Amma galibinsu sun ɗauki waƙa a matsayin matani, aka juye ta a takarda, aka yi mata sharhi ta fuskar turke da salo da adon harshe, alhali faifan ko kaset ɗin da aka juyo ta daga ciki an bar shi kamar buhun da aka zazzage hatsinsa. Wanda ya dubi na'ura kanta a ƙasar Hausa da idon basira shi ne Brian Larkin, a littafinsa na 2008, sai dai hankalinsa ya fi karkata ga rediyo da silima da kasuwar kwafi a Kano, bai tsaya a kan mawaƙi guda ba.

3.0 Hanyar nazari

An bi matakai biyu. Na farko, an saurari waƙoƙin da ke yawo a hannun jama'a, aka kasa su gwargwadon turkensu, aka lura da tsawonsu da yadda kiɗa da murya ke tafiya a cikinsu. Na biyu, an jera abin da ya tabbata na tarihin mawaƙin kusa da tarihin garin da ya tashi da na kafofin watsa labarai a Arewa, don a ga inda suka haɗu.

Ƙa'idar da aka aro kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya zauna a zaure gaban malami. Malamanmu ba su karɓar riwaya sai sun tambayi isnadinta, ba su kuma amince wa littafin hannu sai sun duba ƙarshensa, inda magwafi kan rubuta sunansa da ranar da ya kammala. Kowace ɗauka ta waƙa, a wannan takarda, riwaya ce mai zaman kanta: tana da wanda ya ɗauke ta, da wurin da aka ɗauke ta, da na'urar da ta iyakance mata tsawo, da hannuwan da ta bi kafin ta iso gare mu. Za a kira wannan jerin hannuwa isnadin sauti.

4.0 Bahasi

4.1 Bukuru da maraici

An haifi Ɗanmaraya, wato Adamu Wayya, a Bukuru, kudu da Jos, a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, mahaifiyarsa ma ta bi shi tun yaron bai yi wayo ba, sai Sarkin ya ɗauki riƙonsa. Daga nan laƙabin ya samo asali, har ya danne sunan yanka.

A nan akwai mas'alar da ya kamata a tsaya a kanta. Bisa al'ada, kiɗan fada gado ne wanda ɗa kan koya a bayan ubansa, ya fara da riƙon kaya, ya shiga amshi, ya haddace kirarin gidan sarauta da nasabarsa, kafin a wayi gari ya zama jagora, ya gaji kayan kiɗa da 'yan amshi da ubangida gaba ɗaya. Ɗanmaraya ya sami jinin, ya kuma sami inuwar fada, amma mutuwa ta yanke tsanin da ake hawa, domin babu uban da zai tsaya a bayansa ya yi wa amshi. Wanda ya tashi haka ya san fada ta ciki, ya san yadda ake magana gaban manya, amma ba a ɗaure shi da ita ba, kuma wannan matsayi na tsaka-tsaki shi ake ji a muryarsa: yana yi wa talaka magana da ladabin bafade, yana yi wa mai hali nasiha ba da tsoron a kore shi daga gida ba.

Garin ma ya yi nasa aikin. Bukuru ba tsohon birni ba ne mai ganuwa da jerin sarakuna na ɗaruruwan shekaru. Gari ne da haƙar kuza ta tara, inda kamfanonin Turawa suka kafa sansani, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya riƙa shigowa har aka rufe layin a 1957, babban layi kuma ya iso Jos a 1927. A shekarun yaƙin duniya na biyu, 'yan shekaru kaɗan kafin haihuwarsa, an yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan kuza, kamar yadda Bill Freund ya bayyana a littafinsa na 1981. Saboda haka jama'ar da yaron ya buɗe ido ya gani leburori ne da 'yan dako da direbobi da masu sayar da abinci da matan da aure ya ƙi, kowa ya baro garinsu, kowa na jin Hausa ko da ba ita ya sha a nono ba. Mawaƙin da zai ci abinci a irin wannan wuri ba zai dogara da nasabar kowa ba, don ba wanda ya zo da kakanninsa. Abin da ya haɗa su shi ne wahala da neman kuɗi da zaman aure da halin ɗan Adam, kuma waɗannan su ne turakun Ɗanmaraya har ya koma ga Mahaliccinsa. Hausarsa ma ta nuna haka, mai sauƙi ce, ba ta da nauyin karin Sakkwato na makaɗan fada, Bahaushe da Birom da Angas duk suna kama ta.

4.2 Kuntigi

Tun bai balaga ba Ɗanmaraya ya yi tafiya zuwa Maiduguri, inda ya ga makaɗan da suka burge shi, ya haɗa kuntiginsa da hannunsa, bai kuma rabu da shi ba. Ya kamata a siffanta wannan abin kiɗa, domin rabin hujjar takardar nan a jikinsa take. Ƙoƙonsa gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai, an rufe bakinsa da fatar akuya an ɗaure tamau, an soka ɗan sanda, an ja tsirkiya guda ɗaya tak. Ba ya bukatar maƙeri ko masassaƙi, ba ya bukatar jari, yana shiga aljihun babbar riga. Mai kaɗa shi yakan riƙe wani ɗan zagayen kiɗa mai sauri yana maimaitawa tsakanin ɗiyan waƙa, in ya buɗe baki kuma sai tsirkiyar ta bar zagayen ta bi karin muryarsa, ta hau inda ta hau, ta sauka inda ta sauka. Wato aikin da 'yan amshi ke yi wa Shata ko Ɗanƙwairo, na ba jagora sararin numfashi da tunanin ɗan waƙa na gaba, tsirkiya ce ke yi wa Ɗanmaraya shi.

Kotso da taushi suna da masu su, kalangu na da alaƙa da mahauta, gangar noma na da gonarta, kowanne da hurumin da al'ada ta yanka masa. Kuntigi bai da wannan nauyi, kuma rashin nauyin shi ne 'yancinsa.

4.3 Rediyo, faifai da Waƙar Karen Mota

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin a Kaduna tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila, wanda sashensa na rediyo ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. Muryar wannan gida, ta gajeren zango, ta wuce iyakar Nijeriya ta shiga Nijar da Kamaru da Cadi da zangunan Gana, kuma tashen Ɗanmaraya ya zo daidai da tashenta. Kafin wannan zamani mawaƙin da ba shi da fada sai ya bi kasuwa da tasha da gidan biki, sunansa ba ya wuce inda ƙafarsa ta kai. Bayan an kafa rediyo kuwa sai sunan ya riƙa riga mai shi isa gari, ta yadda in ya sauka ba ya bukatar wanda zai gabatar da shi. Shirin zaɓen waƙoƙi irin Zaɓi Sonka ya ƙara wani abu da ba a taɓa gani ba, domin ya mai da mai sauraro, da wasiƙarsa da kan sarkinsa, wani ɗan ƙaramin ubangida wanda ke cewa a sa masa waƙa kaza. Dubban irin waɗannan ƙananan iyayen gida su suka tsaya wa Ɗanmaraya a matsayin sarki guda da sauran makaɗa suke da shi. Ba ana nufin bai yabi manya ko bai karɓi kyautarsu ba, ya yi, kamar kowane mawaƙin Hausa. Abin da ake nufi shi ne ba a kansu sunansa ya ginu ba.

Ta fuskar fasahar ɗauka kuwa, faifai yana da haddi wanda ba ya ƙetaruwa. Tsohon faifai mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a fuska guda, ƙaramin mai juyi 45 ya ɗan ɗara haka, sai babban mai juyi 33 ne ke kai wajen minti ashirin. Makaɗin fada mai 'yan amshi da masu kiɗa da sanƙira, wanda waƙarsa ke miƙewa gwargwadon yadda kyauta ke fitowa, in an shigar da shi ɗakin ɗaukar murya dole a datse masa waƙa, a kuma sha fama wajen daidaita ƙarar ganguna da muryoyi. Ɗanmaraya kuwa mutum ɗaya ne a gaban makirufo ɗaya, bakinsa da tsirkiyarsa ba su fi taƙi biyu tsakani ba, waƙoƙinsa galibi gajeru, kowace da turke guda wanda take kamawa tun daga farko ta sake shi in ta gama. Ba a ce faifai ne ya koya masa gajarta ba, don wanda ya saba da tsayar da mai wucewa a tasha ya riga ya san ba a jan zance. Amma abin da tasha ta koya masa ya zo daidai da abin da na'ura ke so.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Waƙar Karen Mota, wadda ake lissafa ta a farkon waƙoƙinsa kuma har yau tana cikin mafiya shahara. Jirgin ƙasa bai isa Maiduguri ba sai 1964, saboda haka hanyar Jos zuwa Barno a ƙuruciyarsa hanyar manyan motoci ce, kuma duk wanda ya bi irin wannan hanya ya san yaron mota. Shi ke loda kaya ya ja igiya, shi ke kiran fasinja har muryarsa ta dushe, shi ke maƙale a bayan bodi cikin ƙura da sanyin hunturu. In mota ta ƙi hawa tudu shi ke dirowa da gudu ya cusa weji a ƙarƙashin taya, in taya ta yi faci shi ke kwanciya a ƙasa da jak, direba na zaune a inuwa, sa'an nan in an isa gari sunan da za a kira shi da shi na dabba ne. Ɗaukar kayan yabo, waɗanda aka tanada don sarakuna da attajirai, a ɗora su a kan wannan yaro, babban juyi ne a tarihin waƙar Hausa, kuma ba ya rasa nasaba da cewa mai waƙar shi ma yaro ne da ya tashi a hannun wasu. Amma a lura, karen mota ba shi da doki ko riga da zai bayar tukwici. Waƙar da wanda aka yi wa ba zai iya biya ba, ba ta ciyar da mai ita sai in akwai wata hanya da za ta bi ta dawo masa da amfani, kuma rediyo da faifai su ne wannan hanya.

4.4 Yaƙin basasa

Tsakanin 1967 da 1970 Ɗanmaraya ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da dama, yana siffanta abin da ke gudana a fagen fama. Ko a nan ma, wanda ya fi samun rabo a bakinsa shi ne soja, ɗan talakan da ya bar gida, kuma wannan zamani ne ya kusantar da shi ga hukuma, kusancin da daga baya ya kai ga lambobin girma na ƙasa da digirin girmamawa daga Jami'ar Jos.

4.5 Waƙoƙin aure da mai sauraron da ba a gani

A waƙoƙinsa na zamantakewa, irin su Jawabin Aure da Auren Dole da Gulma Wuya, akwai wata dabara da ta cancanci a ba ta suna, za a kira ta sauyin murya. Da yake ba shi da wanda zai karɓa masa, sai ya riƙa raba muryarsa gida-gida, ya yi maganar miji, ya juya ya yi ta mata, ya koma ta magulmaciya mai shiga tsakani, har waƙar ta zama ɗan wasan kwaikwayo wanda mutum ɗaya ke ɗauke da dukan 'yan wasansa. A dandali, inda ake ganin fuskarsa, wannan abin dariya ne da nishaɗi. A rediyo kuwa, inda fuska ta ɓace sai murya, mai sauraro na jin kamar ta katanga yake jiyo rikicin maƙwabta, kuma nasihar da ke biyo baya ta fi shiga.

Wani abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne wanda ke sauraron. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa tasha, ba ta zuwa gidan wasa, amma akwatin rediyo na shiga har ɗakinta, yarinyar da ake shirin ba da ita ga wanda ba ta so tana jin waƙar a tsakar gida ɗaya da uban da ya yanke hukuncin. Ta haka maganar da ba mai iya faɗa wa maigida ido da ido ta sami mai faɗa, ba tare da an ci fuskar kowa ba. Wannan ya sa waƙoƙinsa suka yi kusa da waƙoƙin wa'azi na malamai ta wajen manufa, ko da yake sun saɓa ta wajen kiɗa da zubi, kuma ina ganin shi ne dalilin da ya sa mutane da yawa masu ƙyamar kiɗa suka yi masa sassauci. Waƙoƙi irin su Mai Akwai da Babu da Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali duk a wannan layi suke, na mutumin da ya ga rayuwa daga ƙasa yana kiran mai shi da marashi su san haƙƙin juna.

4.6 Kaset da yankewar isnadi

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma bai cika gidajen Arewa ba sai a shekarun arzikin man fetur, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, lokacin da rikoda ta zama kayan ɗakin amarya da abokin tafiyar direba. Kaset ya yi wa Ɗanmaraya alheri da hasara a lokaci guda. Ya kai shi ƙauyukan da garmaho bai taɓa zuwa ba, ya sa shi a cikin motocin da ya yi wa yaransu waƙa. Amma kaset abu ne da kowa ke iya kwafa, sai ga mai shago a kasuwa, irin na Ƙofar Wambai a Kano da Larkin ya siffanta, ya jera rikodoji yana juye waƙa daga faifai ko daga rediyo ko daga wani kaset ɗin da shi ma kwafi ne, ya cika fuska guda ta minti talatin da abin da mai saye ya zaɓa, ya rubuta sunan mawaƙi da biro a bayan kwali. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta zo bayan ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada.

Hasarar kuɗi a bayyane take, an kuma sha faɗinta. Wadda ta fi damun mai nazari ita ce hasarar isnadi. Faifai na ɗauke da sunan kamfani da lamba, sau da yawa har da shekara, kamar littafin da magwafinsa ya sa hannu. Kaset ɗin kasuwa kuwa ya haɗa waƙar ƙuruciya da ta tsufa a fuska guda, ya sauya wa wata suna, ya yanke kan wata don ta shiga. Da aka koma tura waƙa a katin waya da intanet, waɗannan kwafe-kwafen aka ɗora, da kurakuransu. Sakamakon haka shi ne ana iya yin sharhi mai tsawo a kan ra'ayin Ɗanmaraya game da kuɗi ko aure kamar a zama ɗaya ya faɗe shi, alhali tsakanin wata waƙa da wata akwai yaƙi da arzikin mai da tsadar rayuwa da rikice-rikicen da suka raba unguwannin Jos tun daga 2001.

Ga makaɗin ƙungiya wannan hasara tana da sauƙi, domin 'yan amshinsa ma'ajiya ce mai rai: da Ɗanƙwairo ya rasu a 1991 'ya'yansa sun ci gaba da kiɗan gidan, ana iya zama da su a tambaye su wace waƙa aka yi wa wane, a wace shekara. Ɗanmaraya ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015, a farkon watan Azumi, Allah ya jiƙansa, ba shi da 'yan amshin da suka tsaya a bayansa suka haddace. Asalan da za a koma wa su ne faya-fayan da suka saura a hannun masu tarawa da zaren ɗauka da ke ɗakunan ajiya na gidajen rediyon Kaduna da Jos, kuma irin wannan zare zafi da laima suna cin sa. Aikin da ke gaban sassan Hausa na jami'o'inmu shi ne a bi waɗannan asalai ɗaya bayan ɗaya, a rubuta wa kowace ɗauka kamfaninta da lambarta da tsawonta da sunan da aka fara kiran ta da shi, a kuma zauna da tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka riƙe masa makirufo tun suna da sauran ƙarfin tunawa.